Sifon ya ƙi tsayawa: tambayoyin da mutanenmu na Makka da Jidda suka fi yi mini

Kusan duk kiran da ake yi mini bayan isha'i a kan abu ɗaya ne, sifon, wato akwatin ruwan da ke wanke masai. Ko ya ƙi cika, ko ya cika ya ƙi tsayawa, ko an danna ya ƙi sauka. Na daɗe ina aikin famfo tsakanin Makka da Jidda, sabbak kamar yadda ake ce mana a nan, kuma na gaji da hawa bene 4 don in canja robar da ba ta kai tafin hannun yaro ba, ni ina jin nauyin karɓar kuɗi, mai gida yana jin zafin bayarwa. Shi ya sa na tattaro tambayoyin wuri guda. Sunayen kaya na bar su yadda ake faɗarsu a shago, domin idan ka je Shara Mansur ka ce a ba ka "abin nan da ke tsayar da ruwa", ido kawai za a zuba maka.

Wai me ke cikin akwatin nan ne?

Abu biyu ne kacal, sauran duk 'yan rakiya ne. Na farko shi ne awwama. Ita ke buɗe wa ruwa hanya idan akwatin ya zama fanko, ta rufe idan ya cika. A tsohon yayi za ka ga ƙwallo a bakin sanda yana yawo a kan ruwa. A sabon yayi wani ɗan kofi ne yake hawa yana sauka a jikin sandar roba. Na biyu yana tsakiya, shi ke toshe ramin ƙasa. Idan ka danna sai ya ɗaga, ruwa ya kwarara, ya koma ya zauna. Robar da ke gindinsa ita ake kira jilda, kuma ita ce tushen yawancin rigimar. Akwai kuma wani bututu a tsaye mai buɗaɗɗen baki. Aikinsa shi ne idan awwama ta gaza, ruwa ya bi ta cikinsa ya faɗa kwanon masai maimakon ya malale banɗaki.

Ɗaga murfin ka danna sau 2 ko 3 kana kallo. Gani ya kori ji. Amma a bi a hankali: idan madannin yana saman murfi, a wasu sai ka fara warware zoben da ke kewaye da shi ta hagu kafin murfin ya saki. Ka ajiye shi a kwance a kan tawul, can gefe. Murfin tangaran idan ya fashe, samun irinsa ya fi samun dukan kayan ciki wuya.

Ruwan ciki ba najasa ba ne? Ina ƙyamar sa hannu.

Ruwan famfo ne, daga bututu ɗaya da wanda kake alwala da shi. Abin da ke kwano ba ya hawowa sama. Baƙin da zai shafe maka yatsu robar ce ta tsufa tana narkewa, ja-jan da ke ƙasa kuma tsatsa ce da ƙasar hazzan, wato tankin ruwan gida.

Ta ina zan fara?

Ta mahbas, ɗan famfon da ke jikin bango inda tiyon sifon ya fito. Murɗa shi dama, yadda hannun agogo ke tafiya, har ya tsaya, sannan ka danna ruwan ya fita. Ragowar ka tsane da soso.

Matsalar ita ce mahbas ɗin gidaje da yawa ba a taɓa shi ba tun ranar da aka ɗaura shi, ya ƙafe. Kada ka kama shi da filaya ka ce sai ka ga bayansa. Na taɓa zuwa wani gida a Misfala na tarar da wani bawan Allah tsaye a jiƙe sharkaf, ya danne ramin bango da babban yatsa, kan mahbas ɗin yana ɗaya hannun, yara suna ta kai-komo da bokiti. Idan ya ƙi motsi da ƙarfin hannu, je ka rufe babban mahbas na banɗakin ko na shigga, wato gidanka a cikin benen, gaba ɗaya. Idan ba ka san inda yake ba tambayi haris, mai gadin gidan, yau ba sai ranar da ruwa ya ɓalle ba.

Ruwa yana ta zuba a kwano, ina jin "shiii" dare da rana. Awwama ce ko jilda?

Dubi inda ruwan ya tsaya a akwatin. Idan ya kai bakin bututun nan na tsaye yana gangarawa ciki, laifin awwama ne. Idan yana ƙasa da bakin amma duk da haka kwano yana tsiyaya, jilda ce.

Idan awwama ce, ɗaga ta sama da yatsa. Ruwa ya tsaya? To lafiyarta ƙalau, saiti kawai take so. Mai ƙwallo tana da ɗan sukuru a kanta, mai kofi kuma tana da dogon sukuru na roba a gefe. Juya shi kaɗan-kaɗan har ruwan ya riƙa tsayawa kamar santimita 2 ƙasa da bakin bututun. Tsohuwa mai sandar tagulla ana iya ɗan lanƙwasa sandar ƙasa, amma ka riƙe gindinta da ɗaya hannun. Ka kuma girgiza ƙwallon. Idan ka ji ruwa a ciki ya huje, ba zai ƙara tasowa ba.

Idan ka ɗaga ta har ƙarshe ruwa bai daina ba, to ko yashi ya shiga kanta ko 'yar robar cikinta ta mutu. Rufe mahbas, buɗe hular kan, ka wanke robar. Kafin ka mayar, kifa kofi a kan ramin ka buɗe mahbas na daƙiƙa 2 ko 3, ruwan zai watso tsakuwar da ta maƙale. Ba don kofin ba da silin zai sha wanka.

Ba na jin ƙarar komai, amma fatura, wato takardar kuɗin ruwa, ta yi tsalle. Zai iya zama sifon?

Shi ne na farko da nake zargi. Yoyon da ke ƙara yana da sauƙi, domin yana hana ka barci ka tashi ka gyara. Mugun shi ne mai shiru, wanda ke silalowa ta bayan kwano siriri kamar zare, ba ka ganinsa sai ka haska fitilar waya.

Wata Hajiya a Hindawiyya ta kira ni, ta riga ta yanke hukunci cewa maƙwabta ke jan ruwanta. Na ce, "Hajiya, akwai zoɓo a gidan?" Ta ce, "Kai ɗan nan, aiki ka zo ko shan karkade?" Ta dai kawo mini jiƙaƙƙe a kofi, mai kauri. Na juye a akwatin sifon, na ce kada kowa ya danna. Muka zauna a falo tana ba ni labarin shekarar da suka zo ta jirgin ruwa. Bayan kamar minti 20 muka koma, sai ga jan layi ya sauko ta bayan kwano har ya rina ruwan ƙasa. Ta yi shiru, can ta ce, "Astagfirullah, na ɗauki alhakin mutane." Da na ciro jildar duk ta yi ƙuraje, gefe ɗaya ya taurare kamar busasshiyar ganda.

Kalar abinci ma tana yi, ko baƙin shayi mai ƙarfi. Idan an gama a danna sau 2 don kada kalar ta kama tangaran.

Wasu za su ce maka ka rufe famfuna ka je ka duba addad, wato mitar ruwa. Wannan ba ya aiki sosai a gidajenmu, saboda ruwan kamfani hazzan na ƙasa yake fara shiga, dinamo, injin tura ruwa, ya tura shi na sama, sannan ya sauko maka. Abin da zai tona asirin shi ne dinamo. Idan kana jin yana tashi da tsakar dare kowa yana barci, akwai inda ruwa ke tafiya.

Ɗan wannan tsiyayar har nawa za ta ci?

Mu yi lissafi. A ce rabin lita ke zurarewa a minti 1. A awa lita 30 ke nan, a kwana 720, a wata ya haura mita kubik 21. Kuɗin ruwa kuma a Saudiyya hawa-hawa ne tun da aka sauya tsari a ƙarshen 2015: mita 15 na farko halala 10 kowace, daga nan riyal 1, sai 3, sai 4, abin da ya wuce mita 60 kuma riyal 6, ga kuɗin magudana a kai. Gidan da ke da jama'a, wanda dama yana kusa da matakin sama, wannan yoyon kaɗai zai iya ɗora masa sama da riyal 120 a wata. Wanda kuma ke sayen wayit, wato tankar ruwa, shi ba sai an yi masa lissafi ba, yana ganin hazzan ɗin da ke kai shi mako 2 ya koma ƙarewa a kwana 9. Ruwan nan fa daga teku aka tace shi a Shu'aiba, aka turo shi tafiyar kilomita masu yawa har ya hau duwatsun Makka. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Yaya ake canja jilda?

Idan mai sarƙa ce, cire kunnuwanta 2 daga jikin bututun, ka zare sarƙar daga hannun. Idan mai madanni 2 ce, kama dogon abin da ke tsakiya ka ɗan juya shi hagu, zai fito gaba ɗaya, jildar tana gindinsa kamar faifai. Ɓare ta da yatsa.

Kafin ka sa sabuwa shafa bakin ramin da take zama a kai. Idan ka ji gursa-gursa, goge shi da soso da ruwan khal, wato binega, har ya yi santsi. Mutane suna tsallake wannan, su sa sabuwar roba a kan tsohon datti, sannan su ce an sayar musu da jabu.

Tafi shago da tsohuwar a aljihu. Hoto ba ya nuna kauri, kuma bambancin milimita 2 ya isa ya sa ka sake hawa mota. Idan dare ya yi an rufe shaguna, juya faifan ka mayar da shi ta ɗaya fuskar, yakan riƙe na 'yan kwanaki.

Wani abu game da ƙasar nan: roba ba ta daɗewa. Wanda ya taɓa buɗe shattaf, ɗan tiyon nan na tsarki, da azahar a watan Yuli ya san irin ruwan da ke saukowa daga hazzan na sama. Wannan zafin shi jilda ke kwana a ciki. Saboda haka idan ka samu daidai da taka, sayi 2.

Sifon yana daɗewa bai cika ba.

Fara da mahbas, wataƙila rabi aka buɗe shi. Sai ka kwance tiyon daga gindin awwama ka sa bakinsa a bokiti ka buɗe. Idan ruwa ya fito da ƙarfi, toshewar tana cikin awwama. A mashigarta akwai 'yar matata, zaro ta da filaya ka wanke da tsohon buroshin haƙori. Wannan yakan faru bayan an yi kwanaki ba ruwa, ko bayan wayit ta juye ta tayar da laka. Idan abin yana maimaituwa, hazzan ɗinku ne ke neman wanki.

Idan kuma a bokitin ma da ƙyar yake fitowa kuma kana hawan ƙarshe, ba lalacewa ba ce. Ƙarfin ruwan da ke saukowa da kansa yana bin tsayi ne, kowace mita 10 bar 1. Kai da hazzan ke mita 3 a saman kanka, abin da kake samu bai kai sulusin haka ba. Ka ce wa mai shago awwama ta ruwa mara ƙarfi kake so.

Na danna ba abin da ya faru. Wani lokaci kuma madannin ya shige ya ƙi dawowa.

A mai hannu, sarƙa ce ta tsinke ko ta zame. Mayar da ita ka bar mata ɗan sassauci kamar santimita 1. Ta yi tsawo, ta shige ƙarƙashin jilda ta hana ta zama. Ta yi gajarta, ta riƙe ta a ɗage. Kada a ɗaure da zare ko leda, ana yi, ina gani, ba ya kai mako.

A mai madanni, ƙarƙashin murfi akwai 'yan sanduna 2 masu zare. Su ma haka ne: gajere ba ya kaiwa, dogo yana danne abin ya bar shi a buɗe. Ka kuma tabbata ba a juya murfin ba, babban madanni ya hau kan ƙaramin gurbi. Mai maƙalewa kuma datti ne da sabulu, jiƙa shi a ruwan khal na rabin awa.

Ruwa yana sauka amma ba ya tafiya da komai.

Cika bokiti ka juye a kwano lokaci guda. Ya tafi fuu? To hanya a buɗe take, matsalar daga sama ce: ko ruwan akwatin ya yi ƙasa da yawa, ko jilda tana saurin komawa, ko ƙananan ramukan da ke ƙarƙashin leɓen kwano sun toshe, sai a zungure su da 'yar waya. Idan kuwa ruwan bokitin ya taso yana juyi kafin ya sauka, toshewa ce a ƙasa, ba ruwan sifon. A gidan da ke da yara, kafin ka zargi kowa ƙirga kayan wasa.

Masu sa bulo a akwati don tsimin ruwa su daina, yana marmashewa ya ci jilda. Kuma sabbin kujerun masai na lita 6 da 3 an auna su ne daidai, idan ka rage sai ka danna sau 2, an gudu ba a tsira ba.

Kullum ƙasan kujera a jiƙe yake.

Kafin ka kwance komai, duba shattaf. Sau da yawa shi ne ke ɗiga daga inda aka rataye shi. Idan ba shi ba ne, busar da ko'ina, ka bi da busasshen tishu daga sama zuwa ƙasa: mahbas, bakin tiyo, notin gindin awwama, kusoshi 2 da suka haɗa akwati da kwano. Inda tishu ya fara jiƙa nan ne.

Idan kusoshin ne, ɗaure su bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan. Tangaran ba ya gargaɗi, ƙas kawai za ka ji, garin neman gira an rasa ido. Idan ruwan yana fitowa ne kawai lokacin da aka danna, babbar robar da ke tsakanin akwati da kwano ce, sai an sauke akwatin. Silikon da ake laftawa ta waje ba ya maganin komai, wahala kawai yake ƙara wa wanda zai zo gyara. Shi ma teflon, farin tef ɗin nan na masu famfo, ba a naɗa shi a notin da ke da roba a ciki. Wurinsa zaren mahbas da ke shiga bango.

Ba gara in canja kayan ciki duka ba?

Idan robobin sun fara karyewa a hannu, gara hakan. Mai shago zai ce maka makinat sifon. Ka lura da abu 3: ruwa ta ƙasa yake shiga ko ta gefe, madanni a sama yake ko hannu a gefe, sannan tsayin akwatin. Awwama kaɗai aikin minti 15 ce, noti ɗaya ne a ƙasa, a ɗaure da hannu a ɗan ƙara da sifana. Na tsakiyar kuwa, idan har gindinsa za a canja, a yawancin kujeru sai an sauke akwati.

Za a nuna maka kala 2 ko 3. Ba na cewa ka sayi mafi tsada, amma mafi arahar nan mai nauyin takarda, araha ba ta ado. Ni abin da nake tambaya shi ne, ana samun jildarta daban? Idan an ce a'a, na bar ta.

Namu a cikin bango yake. Sai an fasa tayil?

A'a, kuma duk wanda ya zo da guduma tun bai buɗe madanni ba, ka sallame shi. Sifon madfun an yi shi ne yadda komai zai fito ta tagar madannin. Tura farantin gefe ko sama ya fita, akwai wani murfi a baya, bayansa kuma ɗan mahbas. Awwama da na tsakiyar duk suna zarowa ta nan. Ɗauki hoto a kowane mataki. A nan suna yana da muhimmanci, kayan Geberit ba sa shiga na Grohe, sai ka duba abin da aka rubuta a ciki. Fasa bango sai idan bangon kansa ne ke jiƙewa.

Kursi arabi fa, wato masai na tsuguno, mai akwatin roba a sama?

Aikinsu ɗaya. Abin da ya ƙaru shi ne dogon bututun da ke saukowa, yakan yi yoyo a notin sama ko a robar da ke inda ya shiga kwano. Ka taka kujera mai ƙarfi, ba bokiti a kife ba.

Ƙwayar nan mai sa ruwa ya yi shuɗi tana da amfani?

Ga hanci wataƙila. Amma mai sinadarin bilic tana cin roba, kuma idan ta narke takan yi kitse ta toshe hanya. Mai ratayawa a bakin kwano ta fi.

Tunda an zo nan, uwayenmu mata da masu aikin gida, don Allah: kada a haɗa Clorox, wato bilic, da Flash, ruwan asid ɗin nan na wanke masai, ko da ruwan khal, ko a kwano ko a bokiti. Haɗin yana tayar da iskar kulorin mai ƙona huhu, banɗakunanmu kuma ƙanana ne, wasu ko taga babu. Idan an riga an yi, a fita, a bar ƙofa a buɗe, wanda numfashinsa ya sarƙe a kira motar asibiti a 997.

Ni ɗan haya ne. Ni zan biya ko mai gida?

Duba kwantiraginku na Ijar, tsarin rajistar haya na gwamnati, akwai sashen gyare-gyare. Abin da aka saba shi ne ƙananan abubuwan da ke cinyewa da amfani, irin jilda da tiyo, na mai zama ne, abin da ke cikin bango ko hazzan ko dinamo na mai imara, wato mai ginin. Shawarata, ranar da ka karɓi mabuɗi ka yi gwajin zoɓon nan a kowane banɗaki, ka tura wa mai gida hoto. Inda addad ɗaya ne ake raba fatura, sifon ɗin mutum ɗaya kowa yake biya wa, sai a yi maganar cikin mutunci a duba na kowa rana ɗaya.

Za mu tafi gida hutu wata 2. Me za mu yi wa banɗaki?

Rufe mahbas na sifon da na shattaf, ko babban gaba ɗaya. Rufe murfin kujera, wasu har leda suke shimfiɗawa a ƙarƙashinsa, domin zafi yana busar da ruwan kwano, wari da kyankyasai su samu hanya. Idan kun dawo ku buɗe mahbas a hankali, kuma a daren farko a saurari dinamo, don jildar da ta daɗe a bushe takan ƙi komawa mazauninta.

Yaushe ne dole sai an kira sabbak?

Idan tangaran ya tsage, idan mahbas ya ƙafe ko yana yoyo daga cikin bango, idan kujera tana girgiɗi ko ruwa na fitowa ta gindinta, ko maƙwabcin ƙasa ya hawo ya ce silin ɗinsa na ɗiga. Kafin ya iso rufe ruwan, ka tura masa hoton cikin akwatin da na mahbas ta WhatsApp, don ya taho da kayan a hannu. A Makka, musamman a Ramadan ko kwanakin aikin Hajji, fita neman noti ɗaya kan iya cinye yini.